Sun Buga Fuskarka a Atamfa

Baban Bitrus,

Gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Tirkaniya. Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana raye ma yaushe ka taɓa zama ka saurare ni har ƙarshe?

Albishirinka, an karrama ka. Asabar ɗin da ta wuce ƙungiyar unguwa ta kafa rumfa a ƙofar gidanmu. Fasto ya zo, Liman ya zo, Kansila ya yi ta jawabi har shinkafa ta huce. Sun ce tun masaƙu na aiki kake fitowa kafin damina da usur da shebur, kana bi gida-gida kana tayar da maza a yashe kwata, ba wanda ya sa ka. Aka miƙo mini lambar yabo ta gilashi, mai nauyin tsiya.

Har anko aka yi. Sun buga fuskarka a atamfa, Maigida! Matan unguwa kaf suka ɗaura, kowace ta zauna a kanka. Maƙwabciyarmu Maman Terna kam, da ƙibarta, ita kaɗai ta danne fuskokinka uku. Na yi dariya har hawaye, dariyar ta ƙare, hawayen suka ƙi tsayawa.

Ka san inda suka kafa rumfar? A kan babbar kwata. Katako suka shimfiɗa don kada baƙi su ga ledoji. An watse, katakon na nan, sharar na nan ƙarƙashinsa.

Ruwan shekaranjiya ya shigo har ƙarƙashin gadonmu. Da gari ya waye na ɗauko usur ɗinka, na tsaya bakin titi na busa. An leƙo, an yi mini sannu da kyau, kowa ya koma ciki. Me kake faɗa musu ne da suke fitowa? Ni gwiwata ko ɗaga shebur ba ta yarda.

Bitrus ya rantse in ruwa ya sake shigowa zai kwashe ni zuwa gidansa a Mahuta, ya kulle nan. Ɗanka ne, ka san taurin kan. Yaya zan bar ɗakin da na rufe maka ido a ciki?

Kullum Ciyaman na Kwata nake kiranka, ina mita in ina wanke wandonka mai wari. Ban taɓa gaya maka ba, in ka wuce gaba maza na bin ka a baya, ta taga nake leƙenka, kaina ya yi girma kamar matar gwamna.

Hadari ya haɗu a gabas yanzu haka, iska ta fara kaɗa kwano. Bari in je in gwada ɗora katifa kan tebur kafin ya sauko. Ka huta lafiya wurin Ubangiji, tsohona.

Matarka mai baki,
Saratu