Firji na Uku

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Shekara biyu da wata uku ke nan rabona da gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yarmu Likita da zaman jiran jami'a, da Auta sarkin ɓarna? Ni lafiya lau nake, sai gajiya, ita kuwa mun saba da juna.

Na zaɓi in rubuto in ba direban tankar da ke shiga gari ne domin na lura duk ranar da na hau tudun bayan sansani neman sabis, a kan faɗa katinmu yake ƙarewa. A takarda dai ba za ki katse ni ba.

Kin ce firji ya mutu, mai gyara ya ce a haƙura. Malama, wannan shi ne na biyu tun aurenmu, ga shi kina neman na uku. Baba firji ɗaya ya saya duk rayuwarsa. Ya aurar da mu kaf firjin yana nan a lungun falo yana gurnani, ƙofarsa ɗaure da robar taya. Akawu ne fa, albashi ɗaya, mu bakwai, ban da dangi masu zuwa kwana biyu su share shekara. Da wannan albashin ya gina gidan da kuke ciki. Ranar biya sai ya shigo da buhun shinkafa a bayan keke, galan ɗin mai a rataye, kwalin sabulu a hammata, shi ke nan an gama da wata. Kuma ban taɓa ganinsa ya fita aiki ba sai da farar riga fes, kwala a tsaye kamar yanzu aka fito da ita daga kanti. Ni ga digiri, ke ga naki albashin, yara biyu kacal, amma kafin wata ya raba kin fara kirana. Ina kuɗin suke shiga? Ba zarginki nake ba, tambaya nake yi.

Kin san aikina a nan. Duk kankaren da za a zuba a jikin madatsar ruwan sai na ɗiba, in zuba a 'yan akwatunan ƙarfe, in jiƙa su a ruwa wata guda, sannan in sa su a inji ya matsa har su fashe, in rubuta nauyin da suka ɗauka. Daga safe zuwa yamma ke nan. Ɗakina gado ne da akwati da ƙusa uku a bango. Maƙwabcina mai walda ne, minsharinsa ya fi janareta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwantiragina zai ƙare nan da wata biyu. Manaja ya miƙo mini sabuwar takarda ta shekara biyu, ya ce in sa hannu kafin lokacin ko a ba wani. Ni gida nake so. Burina in dawo in sayi injin buga bulo in kafa, in riƙa cin abincin yamma da 'ya'yana. Amma ba zan iya dawowa ba muddin gidan yana cin abin da yake ci yanzu. Don haka ga shawarata: a mai da Auta makarantar gwamnati, wadda na yi na zama mutum. A daina biyan tashoshin talabijin. A rage data, domin ban ga karatun da Likita take yi a waya da dariya ba. Firji kuma a dakata, randa ba ta kashe kakanninmu ba.

Ki ce wa ƙanina kada ya manta da tayar da motata duk mako, ya bar ta ta yi zafi, ya mai da tampol yadda ya same shi. Kada batir ya sake mutuwa.

Ki gaida Inna da kyau. Ki shafa mini kan Auta.

Naki,
Baban yara


Malama,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Allah ya ƙara sauƙi. Likita kuma na taya ta murna, sunanta ya fito a jami'a. Da direba ya miƙo mini wasiƙarki na karanta wannan layin a tsaye, na shiga ɗakin gwaji na rufe ƙofa, don kada leburori su ga idona.

Ban ce ki karanta wa Inna wasiƙata ba, amma tunda kin karanta, na karɓi abin da ya biyo baya. Kin ce ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce a gaya wa wannan mai furfurar banzan ya daina yi wa ubansa ƙarya yana kabari. Na ji muryarta sarai a cikin rubutunki.

Na zauna na bi maganarta ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda zan musa ba. Shekara goma sha biyar muna gidan ma'aikata ba a biyan haya, a lokacin ne Baba ya tara na gini. Na manta da wannan, ko kuma ban taɓa sani ba, yaro ba ya tambayar wa ke da rufin da yake kwana a ƙarƙashinsa. Ruwa a famfo yake zuwa, ba a mota ba. Asibiti kati kawai ake nunawa. Littafi a aji ake rabawa. Wato rabin abin da ke cinye mu yau, Baba bai taɓa sa hannu a aljihu dominsa ba. Firjin ma da nake yabo, ta ce ƙanƙarar da take ƙullawa a leda tana sayarwa ita ke riƙe cefane idan wata ya yi nisa. Na tuna ledojin nan sarai. Ni duk zatona don mu sha sanyi ake yin su.

Amma maganar riga ce ta fi tsaya mini. Riga uku! Ni da zan iya rantsuwa Baba yana da goma. Ashe idan kwala ta cinye, sai Inna ta sa reza ta farke ɗinkin a hankali, ta juya bayan ya koma gaba, ta mayar da allura, ta sa sitaci ta goge. Ya fita ana ce masa ranka ya daɗe.

Kin san abin da na yi? Na ɗauki shuɗiyar rigata, wadda wuyanta ya fara zare, na kai wa telan sansani na ce ya juya mini kwala. Dattijo ne, ya san aikin, har ya yi murmushi ya ce rabon da a kawo masa irin wannan tun yana yaron shago. Ya farke gefe ɗaya ya leƙa, ya miƙo mini kayata. Ya ce rigunan yanzu ba su da baya, manna su ake yi da gam, idan gaban ya ƙare rigar ta ƙare. Na biya shi kuɗin mayar da ɗinkin da ya farke. Haka firjinki yake, na gane. Ba ke kike kashe su ba, haka ake ƙera su.

Batun makarantar Auta, kin ce ke kike koyarwa a can, in zo in ƙirga kawunan da ke ajinki, in na wuce tamanin ban gaji ba sai a kawo shi. Kin fi ni gaskiya. Makarantar da na yi sunanta ne kawai ya rage a jikin allo. Data kuma kin ce da ita aka cike takardun jami'ar, da ita za a biya, da ita za a duba ɗakin kwana. To. A bar wa Inna tashoshinta ma, mace ta juya kwala shekara talatin, ta ci a bar ta ta kalli abin da take so.

Ina jin haushi, ba zan ɓoye miki ba, amma na rasa wanda zan ji haushinsa. Mun fi iyayenmu karatu, mun fi su albashi, kuma komai namu na haya ne: ruwa, wuta, karatu, har magana da juna. Su sun sayi abu kaɗan ya zama nasu.

Tunda babu abin yankewa, ga kuɗin Likita ya taso, zan sa wa manaja hannu. Shekara biyu ba mutuwa ba ce. Ki sayi firjin, ƙarami. Kada ki gaya wa Auta tukuna, na yi masa alkawarin zan kai shi aski da kaina.

Yaya motar? Ba ki ce komai a kanta ba.

Naki kullum,
Baban yara


Malama, uwar gidana,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida yara. Ina fata wannan ta same ku lafiya kamar yadda taku ta same ni.

Wasiƙarki gajera ce, ta kuwa yi aiki. Na tambayi mota, kin ba ni labarinta: kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta, 'ya'ya huɗu, duk suna lafiya. Ƙanina yana tayar da ita duk mako kamar yadda na ce, da man da kike saya. Ke ba ki iya tuƙi ba, kina hawa motar haya zuwa makaranta kina wuce ta a ƙofar gida. Banki kuma yana cire bashin sayenta daga albashina kafin in gan shi, shi ya sa ban taɓa jin zafinsa ba. Sai kika rufe da tambayar Inna: a cikin kayan gidan nan kaf, wanne ne ubansa ba shi da shi, kuma ba wanda ya tilasta masa saye?

Na yi kwana biyu ina fushi da ku. Na ce a raina mutum mai matsayina ya koma gida a ƙafa? Da me zan je ɗaurin aure? A rana ta uku ina tsaye gaban inji, sai na yi lissafin a bayan takardar gwaji: bashin banki, inshora, sabunta takardu, batir biyu, mai na ɗumama ta. Ya haura kuɗin makarantar Auta da data da talabijin a haɗe. Na bi gidan nan lungu-lungu ina neman inda yake yoyo, na leƙa firjinki, na leƙa wayar 'yata, ban ɗaga tampol ba.

Ki ce wa ƙanina ya nemo mai saye. Kada ya karɓi tayin farko, kuma ya wanke ta kafin a zo gani. A kwashe kyanwar da 'ya'yanta a hankali a kai su bayan ɗakin girki. Abin da aka samu a rufe bakin banki da shi, in wani abu ya ragu na rajistar Likita ne.

Jiya na mayar wa manaja takardarsa babu hannu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce akwai mutum arba'in da ke jiran kujerar. Na ce Allah ya ba mai rabo. Mutumin kirki ne, bai taɓa riƙe mini albashi ba, ya kuma ce zai rubuta mini takardar shaida.

Kada ki ɗauka da arziki zan dawo. Injin bulo sai dai na hannu, fili kuwa babu, a bayan gidan Baba zan kafa, inda Inna take shanya. Ki fara lallashinta tun yanzu. Shekarar farko za mu sha wuya, albashinki ne zai riƙe tukunya, kuma na san za ki tuna mini da hakan. Na yarda. Keken Baba yana nan a sito? A duba mini tayoyinsa.

Ki gaya wa Auta ya bar gashinsa, ina tafe ƙarshen wata.

Ga abin da na tara, don kada ki ji a bakin wani. Bayan an cire na firji da kuɗin motar dawowa, saura albashin wata biyar da rabi. Sai takalmin aiki ɗaya mai sauran rai, bargo biyu, da riga huɗu, ɗaya wuyanta ya cinye.

Mijinki,
Baban yara