Ƙuri'ata da Teburin Kicin

Uwargida Ofelia mai ba da shawara, don Allah ki cece ni.

Mijina Hilario kansila ne, shekara goma sha shida ke nan yana kan kujerar. Da can duk garin ke zaɓen kansiloli biyar a haɗe, kuma kullum yana ci, don mutanen can nesa suna sonsa sosai. Bara wani lauya ya aiko da takarda yana ambaton dokar jiharmu ta Kaliforniya, sai aka yanka garin gida biyar, kowace unguwa ta zaɓi nata. Wato yanzu maƙwabtanmu ne za su zaɓe shi. Su kuwa sun san shi.

Wadda ta fito takara da shi Amparo ce, gidanta na kallon namu, ita ta riƙe mini hannu ranar da na haifi 'yata. Layinmu babu magudanar ruwa, ita ke fitowa da shebur in an yi ruwa. Hilario cewa yake ana nazari.

Ni dai Amparo nake so in zaɓa. Matsalar, takardun zaɓe ta gidan waya suke zuwa, kuma tun aurenmu tare muke cike su a teburin kicin, muna shan kofi, yana leƙa tawa wai ko na yi kuskure. Ya ma sayo sabon biro. Wallahi ina son mutumin nan, ba na so ya ji kunya a gidansa. Yaya zan yi?

Matar Kansila

'Yar'uwa, sannu.

Mijinki ba mugu ba ne. Shekara goma sha shida na zama a taro kan fitilun hanya ba wasa ba ne, kuma yanzu a tsorace yake, shi ya sa ya sayo biron. Amma ke ma a layin kike zaune, ƙafarki ce ke shiga ruwan.

Ƙuri'a sirri ce, kina iya zuwa rumfar zaɓe ki jefa abarki. Sai dai mutumin da ya saba leƙe zai lura da kujerar da babu kowa. Gara ki faɗa masa da bakinki, tun yanzu, bayan ya ci abinci. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi.

In ya faɗi, kada ki je murna gidan Amparo sai bayan kwana uku. In ya ci, ya dai san akwai ƙuri'a ɗaya a cikin gidansa da sai ya nema kamar ta kowa.

Allah ya bar ku tare, ya ba layinku magudana.

Ofelia