Sunanta da Jan Fenti

Litinin, 13 ga Nuwamba

Mun baro Osaka da jirgin ƙasa na safe, ni da Fusae. 'Yarmu Mizuho ce ta shirya tafiyar, wai mu bi bakin teku mu ga ganyen kaka ya yi ja, mu ci ƙaguwa, mu biya ƙauyen uwarta. Ni ban ce na gaji ba. Wanda ya fara da injin noti ɗaya a rumfar haya har ya kai inda na kai, hutu ba ya gabansa. Amma tunda an riga an sayi tikiti.

Na zauna a taga, ɓangaren teku. Fusae ta buɗe mini abinci, ta zare ƙayar kifin kamar kullum. Da jirgi ya fito daga cikin dutse sai na nuna mata hoton a waya. Don yau na ɓoye shi. Kabarin gida ne da na sa Hirata mai sassaƙa ya gina: baƙin dutse, ya fi na kowa tsawo a layin. An riga an mayar da tulun ƙasusuwan Inna, mahaifiyata, ciki. A gefe ga sunana ga nata, an cike su da jan fenti tunda muna raye. Ranar da mutum ya shiga a wanke jan.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ka tambaya?"

Na ce wa zan tambaya, dutsena ne.

Ta miƙo mini wayar.

Talata, 14 ga Nuwamba

Masauki mai kyau. Matar gidan ta jera mana ƙaguwa iri-iri, dafaffiya, gasasshiya, ɗanya a kan ƙanƙara, tana ta "Shugaba, Shugaba." Tana jawo ƙofa Fusae ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Baban Mizuho, ka sa a kankare sunana."

Na ce ke, ci abinci.

"Na yi wa Inna hidima tana raye. Ina juya ta a shimfiɗa tana cewa miyata ta yi gishiri. Ba zan shiga rami ɗaya da ita ba. Wajen babana zan kwanta, a kan tudu, inda ake jin teku."

Na ce mace kabarin gidan mijinta take shiga, haka aka gada. Ma'aikatana duk sun ga dutsen, wuri huɗu ne a ciki.

"To su shiga mana, ai da sauran wuri."

Ba ta ko ɗaga murya ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Sai ta ƙara da cewa muddin sunanta na kan dutsen, ita tana ƙauye wajen yayanta Tokuji, in koma Osaka ni kaɗai.

Ta turo mini almakashin ƙaguwa. Tun da muka yi aure ita ke fasawa, ta tara mini tsoka a faranti, ta ci nata ya huce. Na juya ƙafar ƙaguwar nan ta kowane gefe. Na ce cikina ne ba daɗi, na ci shinkafa.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ruwan sama. A jirgi ta zauna a taga ba ta tambaye ni ba.

Na kira Mizuho daga tasha. Wai, "Baba, kai fa ka ja." Ita ma.

Babu wanda ya tuna cewa babana ba shi da dutse. Tulunsa ya yi shekaru a kan kanta a ɗakinmu na haya, kusa da tukunyar shinkafa, kafin a zuba shi cikin kabarin gama-gari na marasa gida. Na ce ni ba za a yi mini haka ba. Laifi ne?

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Ƙauyensu. Ƙarnin kifi har cikin tasha. Tokuji ya zo da motarsa ta ɗaukar kaya, ya tsufa amma bakin na nan.

"A'a, Shugaba da kansa! Na ji ka gina bene a lahira."

Jakar Fusae ya ɗauka, ya kai ɗakin marigayiya uwarsu. Tawa ya bar ta a zaure.

Da rana muka hau tudu. Tokuji ƙafarsa ba ta iya matakala, sai ya danƙa mini bokitin ruwa da ludayi. "Ka san ta inda ake riƙewa ko?" Matakala kamar ba za ta ƙare ba, ƙarfen riƙewa na gefe yana rawa, duk notin ya yi tsatsa. Aikin banza. Ko waye ya ɗaura bai san gishirin teku ba.

Kabarin babanta ɗan ƙarami ne, ya karkace, gansakuka ta cinye rabin rubutun. Ko gindin nawa bai kai ba. Ta durƙusa tana wankewa da hannu, tana magana ƙasa-ƙasa. "Baba, na zo. Na daɗe ko?" Ta ba shi labarin Mizuho, da gwiwarta, har da ƙaguwar shekaranjiya. Ta yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar a gidana... ban sani ba.

Ni ina tsaye da bokiti. Ta miƙo hannu ba ta waiwayo ba, na zuba mata ruwa. Daga nan teku gaba ɗaya ake gani, ganye ja har ƙasa. Nawa dutsen katangar wurin ajiye motoci yake kallo. Ban lura ba sai yau.

Da yamma Tokuji ya dafa ƙaguwa, ya jibge a kan jarida. Babu almakashi a gidan. Na fasa da hannu, ƙaya ta tsaga mini babban yatsa. Abin da na samu ya dagargaje, ba ya ciwuwa ga mutum irina, sai na tura farantinta.

Ta ce, "Da ɓawo a ciki."

Amma ta cinye.

Gobe jirginmu. Jakarta na ɗakin uwarta, ba ta ɗaure ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Da safe na kira Hirata daga tsakar gida. Na ɗaga murya ne saboda iska, ba don wani ya ji ba. Ya ce, "Shugaba, baƙin dutse ne fa, tabo zai fito, kowa zai gani." Na ce ya kankare sunanta kawai. Dama harafin ya ɗan karkace, tun farko ban so aikin ba.

A tasha ina tsaye ni kaɗai har jirgi ya nuno kai. Sai ga ta da jaka, Tokuji na ɗingishi a baya. Tokuji ya ce, "Shugaba, yatsa dai?" Na ce ya je ya kula da ƙafarsa.

Na bar mata taga. Rana ce ke damun idona.

Kafin in tafi tasha na sake hawa tudun, na auna notin ƙarfen nan. Zan aika musu da irin wanda ba ya tsatsa, mai daɗewa. Ba don komai ba, ido ne ba ya son aikin banza. Kuma mutum bai san wa zai riƙa hawa matakalar nan da bokiti ba.