Akuyar Garbai a Turken Uwar Asesar

Malam mai wannan fili, ka agaza mini don Allah. Murna da tsoro sun haɗu mini a ciki ɗaya, na rasa wanda zan fara haifa. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi, ɗana ne ya riƙe mini hannu bayan rasuwar ubansa.

Ɗan nan nawa, na fari ne, ba zan kama sunansa ba, kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya sa shi cikin asesar na gidan shari'ar Gure. Wai zai zauna kusa da Nasara yana faɗa masa yadda al'adarmu take. Yaron da na goya ina tallan kanwa! Ranar da gardi, dogarin kumandan, ya kawo labari sai da na rangaɗa guɗa, ni da kunya ta hana ni yi ranar aurensa. Na dama fura har ta kai gidan liman. A bakin rijiya na gaya wa mata cewa daga yau ɓarawon raƙumi da mai kisan kai duk gabansa za su gurfana, kuma wata rana Yamai za a kai shi cikin mota. Ban san ko haka ne ba, baki ne ya riga ni. Wannan ma ka warware mini.

Mutane suka yi ta zuwa barka, ka san mu, ba a zuwa hannu rabbana. Mai kaza, mai ƙwaryar gero, mai goro. Ɗan nawa yana garin Gamu wajen malaminsa neman albarka, ni nake karɓa. Cikinsu har da Garbai, mai lambu a wani kwari wajen Kelle. Ya kawo jar akuya mai ciki, ya ce tsohuwa ta sha nono. Ta haifi biyu a turkena, kyawawa, har na saba da kukansu.

Shekaranjiya sai ga Yabawa, matar ƙanen Garbai da ya rasu. Ba ta kawo komai ba, ba ta da shi. Muka gaisa, ta tsaya tana kallon akuyar, ta ce ta san ta. Sannan ta gaya mini rigimarsu da Garbai a kan itatuwan dabinon marayunta ta gagari mai gari, an tura su gidan shari'a. Ta sa takalmi ta fita.

Mayar da kyauta zagi ne, kuma Garbai abokin marigayi maigidana ne, shi ya sauka kabarinsa. In yanka ta in yi sadaka? In kai ta Alakos wajen ƙanwata? Ko kuwa, tunda an ce akwai babbar shari'a a sama, a tura maganar can, ɗana ya fita, akuya ta zauna? Ranar kasuwa zai dawo, bai san komai ba. Ina tsoron in zama ni na tuɓe masa rawanin da bai gama naɗawa ba.

Uwar Asesar, Gure

Inna, barka da arziki. Guɗarki tana kan hanya, ba kowa ake kira zuwa wannan kujera ba.

Bari in fara da bakin rijiya. Shari'a hawa-hawa ce. Maganar gida, wato aure da saki, riƙon yara, gado, gona da dabino, ana fara neman sulhu a gaban mai gari ko sarki. In ta gagara sai ta shiga hawa na farko, inda Nasara yake zama da asesar biyu waɗanda suka san al'adar masu ƙara. Nan ne wurin ɗanki. Wanda bai yarda da hukunci ba ya ɗaukaka ƙara zuwa hawa na biyu, gaban kumandan da nasa asesar, daga nan kuma akwai Yamai. Kisan kai da manyan laifuffuka zamansu daban ne. Saboda haka ki rage wa matan labari da kanki, kafin wani ya rage miki. Kuma ba a tsallake hawa don akuya: maganar Yabawa daga ƙasa za ta fara, inda ɗanki yake.

Ban ce Garbai ya zo sayen shari'a ba. Mai yiwuwa zumunci ne ya kawo shi, ke ma da zuciya ɗaya kika karɓa. Amma ki dubi abin da idon Yabawa. In Garbai ya yi nasara, ko da gaskiyarsa, garin Gure zai ce akuya ce ta yi magana. Yanka ba ya goge wannan, Alakos kuma ba nisa gare ta ga bakin mutane.

Ga abin yi. Ɗanki na sauka, kafin ya sha ruwa, ki gaya masa. Shi ya sanar da shugaban zaman, ya nemi a sa wani asesar a wannan ƙara, don ba shi kaɗai aka rubuta ba. Akuya kuwa ta koma da 'ya'yanta, da rana tsaka, ta hannun liman, da magana mai laushi: an gode, kujerar yaro ce ba ta yarda ba. Garbai zai ji zafi kwana biyu, in mai zumunci ne zai huce. Sauran kayan barka ku zauna ku tantance, na duk mai ƙara ya bi sahunta. Nan gaba barka da baki ta isa.

Za ki rasa nono, Inna, amma gwauruwa za ta iya shiga gidanki hannu rabbana ba ta sunkuyar da kai ba. Allah ya tsare masa kujerarsa, ya ba marayu haƙƙinsu, ke kuma ya ƙara wa alƙalaminki albarka.