An kori ƙarar Ummi

Daren Laraba, Unguwar Shanu

Yau kotu ta kori ƙarar da ƙanwata Ummi, mai bidiyon girki a intanet, ta kai mutumin da ya yi mata ƙazafin zina. Ko shaidu ba a saurara ba, wai lauyanmu bai shigar da ita bisa ƙa'ida ba. Kafin mu iso gida mabiyanta sun yanke nasu hukuncin: "Ashe dai gaskiya ne." Zuciyata har yanzu tafasa take.

Ummi ta kashe waya ta kulle ɗaki.

Da aka kira isha'i sai na ga Baba yana shimfiɗa darduma a falo. Na ce, "Baba, masallacin fa?"

Ya ce, "Yau ba zan iya haɗa ido da mutane ba."