Ƙofa Mai Shuɗin Fenti

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga maigidana, Baban Raghad,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jiki, yaya Damagaram, yaya ƙanwarka Sajida da yaranta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ka san 'yarka da iyayi. Ta sa mini manhajar gidan waya a wayata, wai duk wasiƙar da za ta zo mini sai su turo hoton ambulan tun ba ta iso ba. Na ce mata wa zai rubuto mini a zamanin nan? To jiya ina tsakiyar tuya sai ga hoto, ambulan da kan sarkin Nijar. Wallahi har ƙosan ya ƙone ban sani ba.

Amma Malam, wannan adireshi fa! "Mastura mai ƙosai, Nuzla, bayan Bayamane mai gasa burodi, ƙofa mai shuɗin fenti." Ka manta an rushe layinmu bayan an mayar da kai gida? Ba Bayamane, ba ƙofa, sai fili fetal. Allah Ya sa ka rubuta lambar wayata a ƙasa, da ita suka gano ni. Raghad ta yi dariya har da hawaye, sannan ta aika musu sabon adireshi.

Wannan wasiƙar zan ba wata 'yar umara ta kawo maka. Ina nan ina zuba ido.

Taka,
Mastura

Waziriyya, Jidda

Baban Raghad,

Ina gaishe ka. Yaya jiki? Wannan karon da gaske nake tambaya.

Har yau wasiƙarka ba ta iso ba, hoton kawai nake kallo. Shekaranjiya na buɗa shi da yatsu ya yi girma, sai na ƙura wa rubutun ido. Kai da ka yi rayuwarka kana rubuta allunan shaguna a unguwar masana'antu ta Jidda, kai da kake tsokanata wai rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa, yau layinka ne yake gangarowa? Biro ya huda takardar. Sunana ma sai da ka huta a tsakiyarsa. Wannan ba hannunka na dama ba ne.

Sai na tuna yadda ka daina yarda mu yi kiran bidiyo, kullum wai babu sabis. Na kira Sajida na matsa mata har ta fashe da kuka. Ashe ɓarin jikinka ya shanye tun kafin azumi, ka hana a faɗa mini don kada in taho in bar iƙamata, takardar izinin zamana a nan.

Na ji haushinka, Malam, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka kuma, da na tuna wahalar da ka sha kafin ka gama rubuta ambulan ɗin nan da hagu.

Na faɗa wa kafili, mai tsaya mini a kan iƙamar, kada ya sabunta mini ita, shi ke nan. Raghad tana ɗakin mijinta, ta ce in tafi. Na san in na fita da wuya in sake shigowa, kuma nan aka haife ni, Damagaram a bakinka kawai na san ta. Ba komai. Wasiƙar ta zo ko kada ta zo, na riga na karanta.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa yaran Sajida su shafa wa ƙofarku shuɗin fenti, don in gane gidan.

Matarka,
Mastura