Jakar da Aka Gwada a Bayanka

Zuwa ga Yaya Gwang-ho,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Anti Hye-suk da yara, ya kuma sa sanyin Kanada bai tayar maka da tarin nan naka ba. Mu nan Hamyang lafiya lau, sai gwiwar Mama da ta ƙi daɗi. Yanzu ko tsakar gida sai da sanda.

Jakar goyon da ka aiko ta iso ana saura kwana huɗu mu hau dutse yankan ciyawar kabarin Baba, kamar kullum kafin bikin kaka. Na gode. Mama ta yi ta shafa ta tana nuna wa maƙwabta, wai ɗanta bai manta da ubansa ba. Na shirya ta yadda Baba ya koya mana: tabarma da rigar ruwa a ƙasa, kwalbar giyar shinkafa da gorar ruwa a manne da baya don nauyi ya zauna, lauje a naɗe cikin tsumma, tuffa da magarya da busasshen kifin da za a ajiye gaban kabari a sama, maganin zirnako a aljihun gefe. Komai ya shige har da sauran wuri.

Amma Yaya, ban kai rabin hanya ba ɗamarar ƙugun ta sulale mini har cinya, nauyin duk ya koma kafaɗa. Sau biyu ina faɗuwa. Da ni da Baffa Byeong-cheol muka isa, kabarin ya zama daji, aladen dawa ya tone gefe guda. Ni na yanke ciyawar, ni na jera abincin, amma da aka zo zuba wa Baba giyar fari a kabarin sai Baffa ya ce wannan ta babban ɗa ce, tunda ba ka nan shi zai zuba a madadinka. Shekara tara ina hawa da kwalbar nan a bayana, ban taɓa zuba ta fari ba. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Na kai jakar wani kanti a Jinju ko za ta gyaru. Mai kantin ya auna bayana daga wuya zuwa ƙugu, ya yi dariya, ya ce wanda ya saye ta a jikinsa ya gwada, kuma dogon namiji ne. Na ce masa ai na san shi. Na sayi ƙarama daidai ni, ta yawon dutse da ƙawayena. Lauje ba ya shiga cikinta.

Taka tana rataye a ɗakinka, da laujen a ciki. Mama ta ce in baɗi ba ka zo ka goya ta ba, ta yarda a tono Baba, a ƙone ƙasusuwansa, a kai tokar ma'ajiyar tokar mamata ta cikin gari inda mota ke zuwa. Da kuka ta faɗa. Ka dai san da ƙafarsa ya hau ya zaɓi wurin nan.

Ka gaida Anti, da Seul-gi da Tae-o. Mama da Baffa suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Mi-ran